Wayar da na ja daga maƙera zuwa ɗakin mahaifiyata

Shekarun baya, can lokacin da aka gama yaƙin Jamus sojojinmu suka fara dawowa gida ɗaya bayan ɗaya, na yi wani aiki da har yau in na tuna sai in yi dariya. Samarin yanzu da nake gani suna kwance rediyo suna cusa lasifikarta cikin tulu don ƙara ta yi kauri, gani suke su suka fara. Nakan bar su da ganinsu. Na riga su da daɗewa, sai dai ni tawa ba don biki na haɗa ta ba. Don mutum ɗaya tak na yi ta, kuma ban da tabbacin za ta ko saurara.

Ƙauyenmu yana cikin kwari, in ka fita da asuba hantsi zai same ka a kasuwar Buza. Mahaifina manomi ne da damina, da rani kuma shi ne makaɗin maharba. Garaya yake kaɗa musu, mai tsarkiya biyu, an rufe ta da fatar gada, a ƙarshen wuyanta kuma akwai ceba, wato ɗan ƙarfen nan mai faɗi da aka jera wa zobba a baki, wanda ke zuga yana kakkarwa duk sanda aka taɓa tsarkiya. Ya rasu ina ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, ba da daɗewa ba bayan shekarar da fara ta cinye gero. Ya bi maharba daji, ya dawo da zazzaɓi, kwana shida ya cika. Aka rataye garayar a ɗakinsa, ba mai taɓa ta.

Ni ne ɗan fari, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga gwaggona, yayar mahaifina, ita ta goya ni ita ta yi mini komai. Mahaifiyata ba ta faɗin sunana, ba ta kallon idona, ba ta zama inda nake zaune. Ko ina tsaye a gabanta, in tana son a gaya mini abu sai ta juya wajen gwaggo ta ce, “Yaya, ki ce ma ɗan nan naki akuya ta kwance.” Kowa ya san ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce. Amma wasu uwayen sukan sassauta in ɗan ya fara gemu, ita kuwa tata kullum kamar jiya aka haife ni. Bayan rasuwar mahaifina gwaggo ta dawo gidanmu da zama, don ita ma mijinta ya riga ya rasu, sai ga ni gida ɗaya da mahaifiyata amma magana sai ta bi ta bakin wata.

Ina ɗan shekara goma sha bakwai na sauko da garayar. Ba wanda ya koya mini. Tsofaffin maharba ne ke rera mini taken da baki, ni kuma in yi ta lalube har yatsuna suka gane hanya. Da na fara kama hannu suka shiga cewa ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kaina kuwa ya yi ta kumbura. Duk garin an ji ni, ban da mutum ɗaya. Da zarar na taɓa tsarkiya a tsakar gida, mahaifiyata za ta ɗauki tulu ta nufi rijiya, ko da randa cike take fal. Akwai ranar da ta je rijiya sau uku saboda ni.

Ni kuma mutum ne mai saurin ɗaukar abu da zafi, hali ne da ban rabu da shi ba har tsufa. Na zauna na yanke wa kaina hukunci cewa ba kunya ba ce kawai. Garayar nan ita ta kai mijinta daji ta dawo mata da shi a kwance, me zai sa ta so jin ta a hannun ɗanta? Gwaggo ta yi ta gaya mini cewa ina wahalar da kaina a banza, kunya ce, a ranta tana so. Na ce mata an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙas.

A shekarar da nake ba ku labari, abu biyu suka haɗu mini. Ciwon gwiwa ya zaunar da mahaifiyata, ko ƙofar ɗaki sai an kama ta, balle rijiya. Daga ranar na daina kiɗa a gida, don in na kaɗa na tilasta wa wadda ba ta da ƙafar gudu, kuma ban ga kyan haka ba. Sannan bayan an gama kai amfanin gona rumbu, sarkin maharba ya aiko mini. Tsohon makaɗin ƙauyen gaba da yake riƙe musu tun rasuwar mahaifina hannunsa ya fara rawa, suna so in karɓi gurbin ubana a fitar farauta ta rani, kuma suna jiran amsa kafin wata ya tsaya. Abin da nake mafarki ke nan tun ina yaro. Amma na rantse a raina ba zan karɓa ba sai na san ta yarda. In ba ta so, zan ba wani garayar in ɗauki sandata in yi kudu cin rani, ba zan sake taɓa tsarkiya ba. Na aiki gwaggo ta tambaye ta. Ta dawo ta ce, “Tac ce ita mi tas sani ga sha'anin maza.” Amsar ke nan, ba i ba a'a.

A tsakiyar wannan damuwa abokina ya dawo daga soja. Ɗan maƙerin garinmu ne, tare muka yi kiwon awaki, shekara shida ke nan da aka ɗauke shi. Ya dawo da babbar riga ta kaki, da tari, da Faransanci da yake yayyafa wa magana kamar gishiri, da akwatin ƙarfe da ya naɗe da waya kewaye bisa kewaye. Aikinsa a can, in ji shi, jan waya ne daga rami zuwa rami don manyan soja su yi magana da juna. Wata rana da hantsi muna zaune a maƙerar ubansa a bakin gari ya buɗe akwatin ya fito da wani abu da ya kira kask, wasu baƙaƙen abubuwa biyu masu kama da murfin tandu, an haɗa su da lanƙwasasshen ƙarfe da ke hawa kai. Mu dai kunnuwa muka riƙa ce musu. Ya murɗe ɗaya ya nuna mini cikinsa: mayen ƙarfe, an naɗe shi da zaren jan ƙarfe da ya fi gashin wutsiyar doki siranta, a samansa ɗan faifan ƙarfe mai laushi kamar ganye. Ya ce in faifan ya girgiza, girgizar takan bi waya ta je ta girgiza faifan ɗan'uwansa. Ya ce a bakin daga in pil, wato batir, ya mutu, sukan yi ihu cikin kunne ɗaya, na can ƙarshen waya ya ji a ɗayan.

Ban bar shi ya rufe baki ba dabara ta faɗo mini. Mahaifiyata ba za ta zauna inda nake kiɗa ba, ba kuma za ta yarda a gan ta tana saurare na ba. To in ba na wurin fa? In kiɗan ya je ɗakinta shi kaɗai, ba ni, ba mai gani? Na gaya wa abokina. Ya dube ni ya ce, “Nasara sun yi abin ga don yaƙi, kai kuma innarka zaka yaƙa da shi.” Ya yi dariya har tarinsa ya tashi, amma a ranar ya fara kwance wayar daga jikin akwatin.

Daga maƙera zuwa ɗakinta taku ɗari ne da wani abu, da gidaje uku da turken dabbobi a tsakani, ko ka kaɗa da ƙarfinka ba za a ji a gidanmu ba. Wayar ta isa zuwa, amma ba ta isa dawowa ba, ga shi abin yana son layi biyu. Abokina ya ce ba komai, ƙasa za ta zama layi na biyu. Muka ƙera turaku biyu daga tsohuwar hauya, muka kafa ɗaya a maƙera, ɗaya a waje bayan ɗakin mahaifiyata, daidai hanyar da nake bi. Muka ja wayar ta kan zana, ta kan rumbuna, muka ɗaure ta a reshen aduwa don kada raƙumi ya tafi da ita. Muka raba kunnuwan, ɗaya a kowane ƙarshen wayar. Aka gwada, shiru. Aka sake gwadawa, shiru. Har na fara yi masa kallon mai cika baki, sai ya ɗebi ruwan da ake tsoma ƙarfe ya kwarara a gindin turken, ya ce in je in yi wa ɗayan haka. Ina dawo da kunnen kusa da nawa na ji ƙwas-ƙwas, yana ƙwanƙwasa nasa da farce. Ashe ƙasarmu ta rani ta bushe ƙwarai, ba ta ɗaukar magana sai an jiƙa ta.

Gwaggo ta samu abin yi. Ta bi gari tana cewa mutane na shuka gero, ɗanta ya shuka ƙarfe yana ba shi ruwa safe da yamma, bana allura za mu girba. Duk da haka ita ta ɗauki nauyin turken bayan ɗaki. Rabin ƙwarya take zuba masa, tana aunawa tana tsaki, don rijiyarmu mai zurfi ce kuma ita ke jan guga tunda mahaifiyata ta zauna.

Saura haɗa kunnen da garaya. Da farko na manna shi a kan fata da kakin zuma, abin da ya fito can sai dum-dum kamar ana daka a gidan maƙwabta. Na kwana biyu ina juya abin kafin na lura cewa ƙarfin tsarkiya duk a kan jaki yake sauka, ɗan itacen nan da take hawa. Na feƙe tsinke na kafa shi tsakanin jaki da faifan kunnen, sai ga kiɗa ya fito da kamanninsa. Ɗayan kunnen kuma na yanke zunguru na cusa shi ta siririn bakin, na toshe gefe da kaki. Na so a ce ya cika ɗaki, amma ƙarar ba ta wuce ta zanzaro a cikin tulu ba, sai ka kai bakin zungurun kunnenka za ka ji. Raina ya ɓaci. Gwaggo ta ce hakan ma ya fi, in ta ga dama ta ɗauka, in ba ta ga dama ba ba wanda ya dame ta.

Nan ne muka yi kuskuren da har yau nake ɗora wa abokina, ko da yake ni na bi shi. Da ya saurara ta zunguru ya ce ceba tana ɓata layi. Ya ce wannan parazit ne, wato ƙarar banza, a soja in aka ji irinsa a wayarka sai ka sha horo, kuma kiɗan Nasara da ya ji a garmaho tas yake fita ba wani ƙarfe mai kakkarwa. Ni da na tashi da ceba a kunnena tun ina goye, sai na ji kunyar ta a gaban wanda ya ga duniya. Na zare ta na ajiye cikin aljihu.

Ranar farko, bayan la'asar, gwaggo ta rataye zungurun a kan gadon mahaifiyata ta ce tarkacen ɗanta ne ta rasa inda za ta sa, in an kai kunne kuma akan ji abu a ciki. Ta fito ƙofa ta hau sheƙar gero ta ba ɗakin baya. Ni kuma a maƙera na zauna na kaɗa taken da mahaifina ya fi so, wanda yake yi wa maharba in sun juyo gida. Na kaɗa har yatsuna suka yi zafi. Can sai ga gwaggo ta shigo tana kaɗe dusa daga zaninta. Ta ce mahaifiyata ta ɗauka, ta saurara kaɗan, ta mayar ta rataye.

Na ce, “Mi tac ce?”

“Tac ce wagga ba garayar gidan ga ba ta.”

Ban tsaya jin saura ba. Na miƙe na fara naɗe garayar cikin buhu, ina cewa shi ke nan na samu amsata, gobe kasuwar Buza zan nemi abokan tafiya kudu. Har na fara yi wa abokina wasiyyar wanda zai ba garayar.

Gwaggo ta ce, “Zamna, ban ƙare ba. Zuciya awa ta ubanka. Tac ce wa yac cire mata ceba? Mai ita bai taɓa kaɗa ta tsirara ba.”

Abokina ya sunkuyar da kai yana wasa da toka da yatsan ƙafa. Gwaggo ta ce mini in yi tunani, wadda ta tsani abu ba ta sanin abin da ya ɓace a jikinsa. Na ji sanyi kaɗan, amma taurin kaina bai sake ni ba. Na ce sanin garaya daban, yarda da mai kaɗa ta daban. Ga wata saura kwana biyar ya tsaya.

Na ɗauka mayar da ceba shi ne magani, ashe da sauran aiki. Tana can ƙarshen wuya nesa da kunnen, zugarta ba ta shiga waya, nauyinta kawai ke bugun itace yana fita ƙwal-ƙwal. Dole sai mun ƙirƙiro wata zugar a kusa da faifan. Na fara da gero, na zuba 'yan ƙwayoyi a kan faifan, suka yi ta tsalle suna fita kamar yayyafi a kan busasshiyar fata. Sai na ce yashi zai fi laushi, na ɗebo a ƙofar maƙera na barbaɗa. Na manta ƙasarmu rabinta ƙarfe ce, daga duwatsun nan kakannin abokina suke narka tama. Mayen ƙarfen ya zuƙe baƙin yashin ya riƙe gam, faifan ya ƙi motsi, kunnen ya mutu murus. Yini guda na yi ina tsince shi da gashin zabo, abokina na zaune yana kallona, kallon da ya fi mini zagi ciwo.

Shi ne dai ya fitar da mu, wataƙila don ya wanke laifinsa. Ya ce muryar ceba a sakin zobbanta take, to mu yi mata ƙanwa. Ya yanko murfin gwangwanin sardin daidai faɗin farcen babban yatsa, ya buge shi ya yi laushi, ya huda shi wuri uku, ya lanƙwasa guntayen waya ya yi zobba ƙanana kamar ƙwayar riɗi, muka soke abin a jikin tsinken nan da ke tsakanin jaki da faifai. Zobe uku ya yi yawa, ya rufe kiɗan. Ya cire ɗaya. Na ɗauko zungurun zuwa bayan aduwa na saurara, shi yana can maƙera yana taɓa tsarkiya da hannunsa na maƙeri da bai san kiɗa ba. Duk da haka abin da na ji garayar mahaifina ce, da zugarta, ƙarama, kamar ana kaɗa ta a bayan dutse. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na share ido kafin na koma maƙera.

Washegari bayan la'asar na ɗauki garaya na bi ta bayan ɗaki, sai na tarar da gindin turken ya zama taɓo, ruwa har ya gangara hanya, kaji na sha. A cikin rani, a garin da ake auna ruwa da ƙwarya. Na leƙa na yi wa gwaggo faɗa, na ce rabin ƙwarya ya isa, wa zai ja mata wani? Ta ce, “Tulu na yak kuɓuce min. Tahi ga aikinka.” Na wuce ina gunaguni. A maƙera kuma ina zama abokina ya ce gawayi ya ƙare zai je ya ɗebo, alhali ga buhu nan a jingine. Ban kawo komai a raina ba.

Na fara taken nan na juyowa gida. Wuta a kashe take, garin ya yi tsit irin na bayan la'asar, ba ka jin komai sai kurciya. Na yi nisa cikin kiɗan sai babbar tsarkiya ta saki. Na tsaya, na sunkuyar da kai kan garayar ina gyara zaman jaki, kunnena dab da fata. Sai na ji wani abu na motsi a ciki. Na ɗauka ƙwaro ne ya shiga. Na ƙara matsawa.

Muryar mace ce, siririya, tana fitowa daga cikin fatar garayar, 'yan zobban nan biyu na kakkarwa tare da ita. Amshin taken take rerawa, wanda matan gida ke yi in maharba sun shigo gari. Tunda aka haife ni ban taɓa jin mahaifiyata ta yi waƙa ba, amma ban yi shakka ba ko kaɗan. Ta kai ƙarshen baitin. Sannan ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, yadda liman ya raɗa shi.

Ta ce, “Allah shi yi ma albarka. Ka riƙa ta da kyau, hannun ubanka na.”

Ban san tsawon lokacin da na yi a sunkuye ba. Sai a sannan ya faɗo mini cewa kunnuwan nan biyu iri ɗaya ne, abin da ya kai kiɗa zai dawo da magana. Ni da na ja wayar ban taɓa tunanin haka ba, hankalina duk yana kan abin da zai tafi. Na ce a raina, Allah sarki, baiwar Allah tana zaton da zunguru take magana, ba ta san ɗan da take kunya yana ji ba. Farin ciki ya cika ni, kunya kuma ta rufe ni, kamar wanda ya leƙa ɗakin da ba a ba shi izini ba. Na janye kaina da sauri na ɗaure tsarkiyar, na ƙarasa taken.

Da safe na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta kamar kullum. Ta amsa tana kallon bango kamar kullum. Ina shirin tashi ta ce, “Yaya, ki ce ma ɗan nan naki rigatai ta yage ga kahwaɗa. Shi kawo a ɗumke kahin shi shiga mutane.” A ranar na je na ba sarkin maharba amsa, da ɗinkakkiyar riga.

Na yi musu kiɗa fiye da shekara ashirin. Wayar kuwa ta zauna har faɗuwar damina, sannan abokina ya ce a sauke ta saboda tsawa. Kafin nan kusan kullum bayan la'asar sai na zauna a maƙera na kaɗa mata, amma ban sake kai kunnena kusa da fatar ba, ko tsarkiya ta saki sai in gyara ta ina kallon sama. Ban gaya wa kowa abin da na ji ba. Na riƙe shi a matsayin albarkar da na sata, har istigfari na sha yi a kai. Tsakanina da ita kuma ba abin da ya sake, har ta koma ga Allah shekara tara bayan haka ba ta sake faɗin sunana na ji ba.

Bayan sadakar bakwai, da hantsi, ina zaune gwaggo na fitar da kayanta ana rabawa. A ƙasan kwandon tufafinta sai ga zungurun nan, da kunnen a jikinsa, an naɗe shi cikin zanen da ta fi ji da shi. Da na gan shi na kasa riƙe abin da ke cikina. Na gaya wa gwaggo duka, na ce ta yafe mini a madadinta, na saurari abin da ba don ni aka faɗa ba.

Gwaggo, a gidan makoki, ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Ta ce tun ranar farko, bayan maganar ceba, mahaifiyata ta tambaye ta ko abin da ke kawo kiɗa yana kai magana, don ita dai ta san hanyar da ta kai mutum kasuwa ita ke maido shi gida. Gwaggo ta je ta tambayi abokina a ɓoye, ya ce ƙwarai kuwa, in dai an matso da baki kuma ƙasa ta jiƙu. Suka haɗa baki kada a gaya mini. Gawayin da ya ce ya ƙare ma, gwaggo ce ta ce ya ba ni wuri.

Na ce, to tulun da ya kuɓuce fa?

Ta ce, “Wane kuɓucewa? Ita tac ce in juye mai tulu guda, kar magana ta tsaya ga hanya. Kuma tac ce in hita waje in ja ƙyaure.”

Ni da na ja waya, na kafa turaku, na feƙe tsinke, nake ganin ba wanda ya kai ni dabara a ƙasar Adar, ni kaɗai ne a cikinmu huɗu ban san abin da ake ciki ba. Na yi shekaru ina auna son da take mini da abin da bakinta bai faɗa ba, na kusa barin gari a kan haka, alhali ita tana zaune da ciwon gwiwa tana neman hanyar da za ta sa mini albarka ba tare da ta karya abin da aka raine ta a kai ba. Da na san haka tana da rai ban san me zan yi ba. Wataƙila ba abin da zan yi, in durƙusa a ƙofa in gaishe ta ta amsa tana kallon bango, kuma da hakan ya ishe mu.

Kunnen ya daɗe da mutuwa, tsatsa ta cinye zaren cikinsa, abokina da gwaggo duk sun riga mu gidan gaskiya. 'Yar cebar gwangwanin ce kawai ta rage, tana cikin aljihun rigar da nake zuwa masallaci da ita. Na ji an yabe ni a gaban maharba ɗari, na manta yawancin abin da aka ce. Sunana kuwa sau ɗaya ta faɗa, kuma sai da ta sa aka zubar da tulun ruwa guda a tsakiyar rani don ta tabbata ya iso ni.